Na sayar da shanun huɗata na ranta wa yayana, ya biya ni da abin da ba ya sayen sa ɗaya

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel, ina noman gero da riɗi da zoɓo. A kakar 2022 matar yayana, wanda muke ciki ɗaya, ta kwanta rashin lafiya, aka ce sai an yi mata aiki a Kano, shi kuwa ba shi da ko sisi. Na kora shanun huɗata biyu kasuwar Maigatari na sayar, na damƙa masa naira dubu 400 rance. Ba mu rubuta ba, ba mu sa rana ba. Allah ya tashi kafaɗunta. Tun daga nan damina uku ke nan ina biyan kuɗin huɗa. Makon jiya ya zo min da dubu 400 cif a baƙar leda, ya yi godiya, ya sa min albarka. Na karɓa, amma raina bai kwanta ba, domin yau kuɗin nan ko sa ɗaya irin nawa ba za su saya ba. Maiɗakina ta ce an cuce mu, har ta daina shiga sashensu. Abokai sun ce in nemi ciko, limaminmu ya ce ƙari kuɗin ruwa ne. Shin ina bin sa wani abu? Kuma ina zan kai kuɗin? Banki ya fita raina tun wahalar canjin kuɗi, wani yaro kuma a garinmu ya ce in kawo ya sa min a wata harka ta waya da ke ninka kuɗi cikin wata guda.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri. Mutumin da ya kwance shanun huɗarsa daga turke ya kora su kasuwa saboda ciwon matar ɗan'uwansa ba ya bukatar a yi masa wa'azin zumunci. Abin da ke sukarka a rai kuma ba son zuciya ba ne. Ka yi asara ta gaske. Duk wanda ya ce maka "ai kuɗinka sun dawo cif, me ya rage?" bai san zafin ruwa ya sauka tun shekaranjiya, ƙasa na shan iska, kai kuwa kana bakin gona kana jiran mai garma ya gama ta wani ba.

Amma tunda gaskiya ka nema, ga ta. Abin da ke wuyan yayanka dubu 400 ne, ya kuma sauke shi. Gibin da ka gani ba shi ya haƙa shi ba. Ina so ka san inda darajar kuɗinka ta tafi, domin in ba ka sani ba, fushin zai sauka kan wanda ya fi kusa da kai.

Ka ba da rancen a ƙarshen 2022. Ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira. Dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 tun farkon 2024. Kai da ke cin kasuwar Maigatari ka fi ni sanin abin da hakan ya haifar, tunda da yawa daga dabbobin da ke cika kara ranar Alhamis daga Nijar suke shigowa, masu su kuma da sefa suke lissafi. Duk ranar da naira ta durƙusa gaban sefa, sa ya ƙara kuɗi ko da bai ƙara tsoka ba. Ga kuma rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wadda ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Ga kuɗin mota, ga dusa, ga magani.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2023 farashin kaya ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata, a Disambar 2024 kuma da kusan kashi 35. In ka ɗora wannan kan wancan, abin da aka saya naira 100 lokacin da ka ba da rance ya kai wajen naira 174 bayan shekara biyu. Ke nan tun ƙarshen 2024 sai mutum ya riƙe kusan dubu 700 kafin ya sayi abin da dubu 400 ɗinka suka saya a da. Wannan ma lissafin gaba ɗaya ne, abinci ya fi haka tashi, don a tsakiyar 2024 hauhawar farashinsa ta haura kashi 40. Da kuɗin nan a ƙarƙashin katifarka suka kwana shekarun nan uku, abin da zai same su ke nan. Kamar buhun waken da ƙwari suka shiga ne: bakinsa a ɗaure, ba wanda ya taɓa, amma in ka kwance rabinsa gari.

To, ko wannan ya ba ka damar neman ciko? Limaminku bai yi kuskure ba. Abin da mafi yawan malamai suke kai shi ne, rance da irinsa ake biyansa: wanda ya ranci dubu 400, dubu 400 zai mayar, ko sun yi daraja ko sun zube. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma haka ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988, cewa bashin kuɗi da adadinsa ake biya, ba a ɗaura shi da farashin kasuwa. Hikimar a fili take. In aka buɗe ƙofar "kuɗina sun rage daraja, ka ƙara", kowane mai ba da bashi da ruwa ta nan zai shigo, talaka kuma shi zai sha. Akwai dai malaman da suka duba wannan zafi naka. Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya tafi a kan a biya darajar da kuɗin ke da ita ranar da aka karɓa, wasu malaman Malikiyya na baya kuma sun ce in faɗuwar ta yi muni ƙwarai a duba halin mai bin bashi. Sai dai ko masu karkata can a yau, sulhu da yardar juna suke nunawa, ba wai mutum ya yanka wa kansa adadi ya je ya tsaya a ƙofar ɗan'uwansa ba.

Abin da zai raba gardamar shi ne maganar da kuka yi ran nan. Da shanun ka miƙa masa ka ce "Yaya, ga su, in Allah ya hore ka mayar min da irinsu", da yau shanu biyu kake bi, domin rancen dabba ya halatta. Amma kai ka kai su kasuwa, kai ka yi ciniki, kuɗi ka ƙirga masa a hannu, kuɗi kuma kuka ambata. Shi ya sa na ce ya fita.

Duk da haka akwai gyara a gefensa, kuma ba zan ɓoye ba. Faɗuwar naira tana sauƙaƙa wa mai biyan bashi. Buhunan da zai sayar ya haɗa dubu 400 a yau ba su kai waɗanda zai sayar a 2022 ba. Mai zurfin tunani kan lura da wannan ya ɗora wani abu da kansa. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan ƙaramin raƙumi, da lokacin biya ya yi ya sa aka ba mai shi wanda ya fi shi girma, ya kuma ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Ƙarin da mai biya ya yi don ransa, ba da sharaɗi ba, halal ne tsarkakakke. Yayanka bai yi ba. Watakila bai yi wannan lissafin ba sam, watakila kuma dubu 400 ɗin ma da kyar ya haɗa su. Ka tuna a kakar 2025 hatsi ya faɗi warwas alhali taki na nan da tsadarsa. Mutumin da ya tara wannan adadi a irin wannan kaka, ya zuba a leda ya tako har zaurenka ba tare da ka aika masa ba, ba mai niyyar cin haƙƙinka ba ne. Masu cin bashin 'yan'uwa ba haka suke yi ba. Hanya suke sakewa in sun hango ka.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka same shi ku biyu, bayan isha'i, ba gaban matanku ba, ba kuma gaban abokan da suka zuga ka ba. Ka fara da cewa bashi ya ƙare, ba ka bin sa komai, domin wannan kalmar ita za ta sa ya saurare ka da buɗaɗɗiyar zuciya. Sannan ka faɗa masa halin da kake ciki yadda ƙane ke faɗa wa wansa: "Yaya, damina uku ina biyan huɗa, kuɗin nan kuma ba za su mayar min da shanu ba. Yaya kake ganin za mu yi?" Ka bar shi ya yi magana. Tunda bashin ya riga ya rufe, duk abin da ya yi maka daga yanzu kyauta ce da taimakon zumunci, babu ƙurar kuɗin ruwa a ciki. In yana da shanu, ya riƙa yi maka huɗa. In ba shi da su, kai ka sayi sa ɗaya, shi ma ya yi ƙoƙarin ɗaya, ku haɗa su a garma ɗaya kuna yin gonakinku bi da bi. In kuma ya ce ba hali, ka karɓi uzurinsa, ka bar ladan inda ka ajiye shi tun farko. Ran da ka kora shanun nan ba ciniki ka je yi da shi ba, rai ka je ceto, mai ran kuma ga ta nan tana tafiya da ƙafarta a cikin gidanku.

Abu ɗaya ne zai sauya maganata. In ka tabbata yana da hali tun tuni, ya sayi babur ko fili ko ya ƙara aure alhali kuɗinka na hannunsa, to wannan jinkirin mai hali ne, hadisi kuma ya kira shi zalunci. A nan sai ka nemi baffanku ko kawunku da malamin da ku duka kuka yarda da shi a zauna sulhu. Amma wasiƙarka ba ta nuna haka ba, kada kuma ka je tono abin da babu.

Maiɗakinka kada ka yi mata faɗa. Ita ta ga kuɗin cefane na tafiya wurin mai garma, ita ta san abin da ya ragu a tukunya. Ka zaunar da ita ka yi mata bayanin nan, ka gode mata bisa haƙurin da ta yi, sannan ka roƙe ta ta koma shiga sashensu tun yau, ko da gaisuwa ce kawai. Gaba tsakanin matan gida ɗaya ba ta tsayawa kansu. 'Ya'ya ne ke gadonta, su tashi ba su ma san mafarinta ba.

Sai maganar inda za ka kai kuɗin. Yaron nan kada ka ba shi ko naira. Ba lallai ɓarawo ba ne, sau da yawa irinsu su ma an ruɗe su ne, har ana ba su lada kan duk wanda suka kawo. Yadda harkar take, kuɗin sababbin shiga ake ɗiba a biya na farko, su kuma su fita suna shela, har ranar da masu shiga suka ragu sai a rufe. Haka MMM ta daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016, haka CBEX ta rufe a Afrilun 2025 ta bar dubban 'yan Najeriya suna kuka. Ka tambaye shi abu ɗaya: me ake saya, me ake sayarwa, da har riba ke ninka uwar kuɗi cikin kwana talatin? Kai manomin riɗi ne, ka san wata nawa da gumi nawa ake zubawa kafin a ga ribar gaskiya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Fushinka da banki kuwa yana da dalili. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗin kuma ba su wadata ba. Mutanen karkara suka fi kowa shan wuya. An ga masu kwana a layin banki, an ga masu karyar da akuya rabin kuɗi don kawai mai saye na da tsaba a hannu, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. Wannan ya faru, ba wanda zai ce ka manta. Amma dubu 400 a cikin ɗaki suna da nasu maƙiyan: gobarar hunturu, ɓarawo, gara, da masu zuwa da "ka taimaka min zuwa ran kasuwa" da zarar labari ya fita, kuma ka san ya riga ya fita.

Ko banki ya rushe, kuɗi irin naka ba sa salwanta. Akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikurofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, ta hanyar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, aka riƙa tura wa masu ƙananan ajiya kuɗinsu a asusunsu na wasu bankuna. Don haka ka tabbata sunan da ke BVN ɗinka da na katin ɗan ƙasa iri ɗaya ne. In kuɗin ruwa kake ƙyama, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus.

Inda kuɗin mutanen ƙauye suka fi zubewa ma ba cikin banki ba ne, a rumfar POS ne. Ran kasuwa za ka ga dattijo ya miƙa katinsa ta saman kawunan mutane, yaron ya ce "Baba, lamba?", shi kuma ya faɗe ta da ƙarfi kowa na ji, ya karɓi kuɗi ya tafi bai duba saƙon da ya shigo wayarsa ba. Lambar sirri da hannunka za ka danna ta, kana kare ta da ɗaya hannun. In karatun boko ya yi maka nisa, ka je da ɗanka ya duba adadin da aka rubuta a na'urar kafin ka danna. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka, ɓarawo ne, ka kashe wayar.

Sai dai banki zango ne, ba masauki ba. Yana tsare kuɗi daga wuta da ɓarawo, ba ya tsare su daga abin da ya cinye dubu 400 ɗinka. Za ka ji a rediyo ana cewa hauhawar farashi ta sauka a 2025, naira kuma ta ɗan tsaya wuri ɗaya. Gaskiya ne, ko da yake wani ɓangare na saukar ya zo ne daga sabon ma'aunin lissafi da hukumar ƙididdiga ta fara amfani da shi a Janairun 2025. Amma ma'anar saukar ita ce kaya na tashi a hankali, ba wai za su koma gidan jiya ba. Kada ka zauna jiran ranar da sa zai dawo farashin 2022.

Kuɗin shanu ne, ka mayar da su shanu. Ka ware kamar dubu 50 ka bar su a asusu saboda dusa, magani da larurar gida. Ragowar ka nemi ɗan bijimi mai tasowa, lafiyayye, ko da bai isa garma bana ba. Yanzu kana da harawa, da kowar wake, da kara, ciyarwa ba za ta yi maka nauyi ba. Ka tafi da wanda ya san dabba ya duba haƙora da kofato da numfashi, ka ji la'adar dillali tun kafin a buga hannu, in ka kawo shi gida kuma ka kira malamin dabbobi ya yi masa allurar rigakafi. Dabba na mutuwa, ana kuma sace ta, wannan haɗarin na nan. Amma sana'a ce da ka sani ciki da bai, ga taki a gona, ga amalanke in ya girma.

Wasu za su ce ka sayi hatsi ka ajiye zuwa bazara. Na cin gidanka, ƙwarai, ka cika rumbu. Na neman riba kuwa ka yi hattara. Waɗanda suka ga ribar da aka ci a 2024 suka kwashi masara da gero da tsada suka kulle, da yawansu sun tafka asara a 2025 da farashi ya karye, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 kuma amfanin gona ya shigo kasuwa.

Gobe wani zai sake zuwa neman rance, domin bashi hanji ne. Kada abin nan ya sa ka rufe hannunka, sai dai ka sauya yadda kake bayarwa. In larurar asibiti ce ta ɗan'uwa na jini, ka yanke tun farko nawa ne kyauta, nawa ne rance, ka faɗa a fili. In rancen zai daɗe, ka bayar da abu maimakon kuɗi: buhun gero a mayar da buhun gero, tiya arba'in a mayar da tiya arba'in, ɗan maraƙi a mayar da mai shekarunsa. Ka sani dai wannan kaifi biyu gare shi, in hatsi ya faɗi ranar biya buhunka kawai za ka karɓa. Kuma ban ce buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka ba, wannan shi ne ainihin abin da limaminku ya hana. Sannan a rubuta, ko da ɗan uwa ɗaya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A sa abin da aka bayar, da yawansa, da ranar biya, da boko ko da ajami, shaidu biyu su sa hannu, kowannenku ya riƙe tasa takardar.